Jika goma ba diyya ba ce



Ran taron asusu na makon jiya, wata 'yar ƙungiyarmu ta nemi bashin jika talatin. Ɗanta lebura ne a wani kamfanin gini a Damagaram, ya faɗo daga bisa ya karya ƙafa. Ubangidansa ya miƙa masa jika goma, ya ce "Allah ya sawwaƙe", shi ke nan. Mun ba ta bashin, amma raina bai kwanta ba.

A Nijar, ma'aikacin da ya ji ciwo wurin aiki, ko a hanyar zuwa da dawowa, yana da haƙƙi a asusun CNSS. Mai kamfani kaɗai ke zuba kuɗin haɗarin aiki, kuma doka ta ce ya kai rahoto cikin awa 48. CNSS ke biyan magani da kuɗin kwanakin jinya, in nakasa ta samu kuma a yanka masa abin da zai riƙa karɓa.

To ga abin yi. A shaida wa ubangida nan take. A karɓi takardar likita, a adana rasit ɗin magani. A rubuta sunayen waɗanda suka ga faɗuwar. In ya ƙi kai rahoto, a tafi ofishin sufeton aiki a Damagaram.

Ke da mijinki ko ɗanki ke aikin kamfani, tambaye shi yau: yana da lambar CNSS? Kada a jira sai ƙafa ta karye.

Sai fitowa ta gaba.