Darasin mai zane ga mai alƙalami

'Yan uwa marubuta, in mun zo rubuta sha'awa da abin da ke cin zuciya, hanya biyu muka saba bi: ko mu zuba batsa a WhatsApp, ko mu ja labule mu yi gum. Duka biyun ragwanci ne.

Mu duba Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta NAFDAC. Tana zana kanta da mijinta a cikin ɗaki, ta lulluɓe bango da tufafi da hotunan dangi da na mujallun Najeriya. Mai kallo zai gane akwai so, akwai kewar gida, akwai nauyin idon dangi a kan ma'aurata. Ɗakin ne ke ba da labarin.

Mu ma muna da kayan aikin. A Kanya Babba ko Roni, amaryar da lallenta bai goge ba amma ta daina cin abinci, mijin da ke raba dare a majalisa don gudun shiga ɗaki, wa ya rubuta su? Sai a ce aljanu ne, alhali damuwa ce.

Za a ce Kano ta ƙona littattafai a 2007, gara a kiyaye. Gaskiya ne. Amma Balaraba Ramat Yakubu ta tona zaluncin cikin gidan aure a Alhaki Kuykuyo Ne, kuma har yau ana karanta ta.

Wannan makon, kowa ya rubuta shafi ɗaya: mata da miji a ɗaki, ba batsa, ba wa'azi. Mu gani a ƙasa.