Wa ke da ikon yanke hukunci a binciken ƙin jinin Yahudawa?

A watan Oktoban 2018 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa da ke Pittsburgh a Amurka. Duk wanda ke cewa nazarin ƙin jinin Yahudawa farfaganda ce kawai, bai yi wa waɗannan mamata adalci ba. Fannin ya cancanci guraben tallafi, inda jami'a za ta ba masani kuɗi da lokaci ya zauna ya yi bincike. Haɗarin yana wajen mai ba da kuɗin, idan ya zo da amsarsa a aljihu.

A 2016 ƙungiyar ƙasashe ta tunawa da kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, wato IHRA, ta amince da wata ma'ana ta wannan ƙiyayya tare da misalai 11, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila. Kenneth Stern, wanda ya jagoranci tsara ta tun farko, ya fito fili ya soki masu amfani da ita wajen toshe bakin mutane a jami'o'i. A 2021 masana fiye da 200 suka sa hannu kan Sanarwar Kudus, wadda ta ja iyaka dabam tsakanin sukar Isra'ila da ƙin Yahudawa. Wannan iyaka ita ce babbar tambayar fannin. Gurbin da ya sharɗanta wa mai nema karɓar ɗaya daga cikin ma'anonin biyu ya yanke hukunci tun kafin a saurari shaidu.

Jami'ar Yale ta ɗanɗana wannan rikici. A 2011 ta rufe cibiyar da Charles Small ya jagoranta tun 2006, bisa hujjar cewa ba ta kai mizanin bincike da koyarwa ba. Magoya bayan cibiyar suka ce siyasa ce. Ko wane ɓangare ke da gaskiya, sunan fannin ne ya sha ƙura.

Maganin a fili yake: a bayyana masu ba da kuɗi, masana su zaɓi masana, a kuma bar wanda aka zaɓa ya kai ga sakamakon da zai iya ɓata wa mai kuɗin rai. Binciken da aka san ƙarshensa tun ranar cika takardar nema ba zai gamsar da mai shakka ba, kuma mai shakkar ne ake buƙatar gamsarwa.