Kofin Kakar Zaɓe Ba Ya Raya Ƙwallo



Duk wanda ya bi ta filin firamare a Surko, ko Sundimina, ko Basirka a nan Jihar Jigawa bayan la'asar, ya san ba mu da ƙarancin 'yan ƙwallo. Yara ne cike da fili, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa a ƙasa, an kafa sanduna biyu an ɗaura igiya a sama. Kocinsu galibi malamin makaranta ne ko tela, shi ke zagayawa da hula yana tara ɗari-ɗari na kuɗin motar zuwa wasa a Gwaram. Yaro ya karye, a kai shi wurin mai ɗori, a bar wa iyayensa ɗawainiya. Abin da muka rasa shi ne attajirin da zai riƙi ƙungiya ya ce tawa ce, ana zaɓe ko ba a yi.

Kuma an taɓa samun irinsa a Arewa. A 1970 wani ɗan kasuwa, Alhaji Isiyaku Ibrahim, ya kafa Mighty Jets a Jos. Da aka fara gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ce ta ɗauki kofin, da 'yan wasa irin su Sam Garba da Isma'ila Mabo, wanda daga baya ya horar da ƙungiyar mata ta Najeriya. Ƙungiyar ta faɗo ƙananan rukunai, ta sha wuya, amma fiye da shekara 50 ke nan sunanta bai ɓace ba. A Kaduna ma Alhaji Mukhtar Aruwa ya riƙi Ranchers Bees har ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta kuma ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1989. Sai a 1999 ya zama sanata. Ƙwallon ce ta riga kujerar, da shekara goma cur.

To mu a nan me muke gani? Mai kofin kakar zaɓe. Ba ka jin ɗuriyarsa shekara uku, sai an buga gangar siyasa ya ɓullo da kofi mai ƙyalli, da riguna ɗauke da hotonsa a ƙirji, da lasifika, da maroƙa. A yi wata guda ana gasa, a ba zakara tumaki ko babur, a ɗauki hoto. Ranar da aka sanar da sakamakon zaɓe, ranar aka binne maganar. Mai kofin kakar zaɓe bai san sunan mai tsaron gidan da ya kama fenariti a wasan ƙarshe ba. Mai kofin kakar zaɓe ba ya ɗaga waya idan yaron nan ya kwanta da karaya. Kuma mai kofin kakar zaɓe bai taɓa yi wa yaro ɗaya rajista ba, jama'a, ko ɗaya!

Rajistar nan ita ce zuciyar maganar. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ke da takarda ce kaɗai ke da wannan haƙƙi. Yaron da ya tashi a filin Kantoga ba tare da rajista ba, wani dillali ya ɗauke shi zuwa Kano ko Legas, gobe a sayar da shi Turai, ko sisi ba zai dawo garin nan ba. Mai sayen riɗi a kasuwar Sara ya san sai an ajiye kaya an yi haƙuri kafin a ga riba, to haka ƙungiyar ƙwallo take.

Dubi Kunle Soname a Jihar Ogun. Daga ƙananan rukunai ya taso da Remo Stars, ta hau babbar gasa ta faɗo, bai watsar da ita ba. Ya gina filin wasa a Ikenne, ya buɗe makarantar horar da yara ta Beyond Limits, ya sayi Feirense a Fotugal a 2015, sannan a 2025 Remo Stars ta zama zakaran Najeriya. Na san za a ce daga harkar caca dukiyarsa take. Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa zuwa ga caca, addininmu ya haramta ta. Amma masu halalin shinkafa da riɗi da man fetur fa, me ya hana su?

Sannan ga maganar fili, wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya. A garuruwanmu da dama filin da muka taso muna wasa a kai an yanka shi fuloti-fuloti. Yau ka ga tulin bulo a bakin raga, gobe an zuba harsashi, jibi shaguna sun tashi. Yaran da aka kora ina za su? Gidan kallon ƙwallo, su kwana suna musu a kan Arsenal da Real Madrid, ko kuma bayan gari wurin masu ƙwaya. Sai mu dawo muna kukan tarbiyya ta lalace, alhali da hannunmu muka sayar da wurin da ke tsare su daga la'asar zuwa magariba. Masu unguwanni da dagatai, iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku, filin makaranta amanar jikokinku ce, kada ku sa hannu a takardar yanka shi.

Jihar nan gaba ɗaya ta zuba wa Jigawa Golden Stars ido, kuma ƙungiya ɗaya ba za ta ɗebe yaran ƙananan hukumomi 27 ba. Attajiran Birnin Kudu da Gwaram, Alhazanmu, kuɗin da kuke kashewa a kofin wata guda ku karkata shi. Ku ɗauki ƙungiya guda ta garinku, ku yi mata rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ku shigar da ita gasar ƙananan rukunai ta NLO, ku yanka wa kocin albashi, ku katange filin, ku riƙe ta shekara biyar ba tare da hotonku a rigar ba. Ku fara bana, tun kafin a buga gangar siyasa.