Sinima ta cika, masu hannun jari sun tashi hannu rabbana

A ranar 21 ga watan Yuli na shekarar 2023 an fito da manyan fina-finai biyu a rana guda, Barbie da Oppenheimer. Gidajen sinima na Amurka da Ingila suka cika maƙil, har wasu suka rasa wurin zama. Kwana 10 bayan haka, ranar 31 ga wata, kampanin Cineworld ya fito daga hannun kotun da ke duba al'amarin waɗanda suka karye. A lokacin, wannan kampani shi ne na biyu a duniya wajen girma cikin kampanonin gidajen sinima. Ya tsira, ƙofofinsa suna buɗe, ana sayar da tikiti. Amma mutanen da suka sa kuɗinsu suka sayi hannun jarinsa ba su samu ko tamma ba, aka kuma soke sunansa daga kasuwar hannun jari ta birnin Landan.

To, yaya aka yi gida ya cika da ƴan kallo, masu gida kuwa suka kwana da yunwa? Wasu sun ce annoba ce, wasu sun ce telebijin da wayar salula ne. A ganinmu bashi ne, kuma ga dalilinmu.

Da farko bari mu tuna abin da ake nufi da hannun jari. Idan kampani ya girma har ya fi ƙarfin aljihun mutum guda, sai a yanka mallakarsa ƙanana-ƙanana a sayar. Wanda ya sayi yanki guda ya zama ɗaya daga cikin masu kampanin. In an ci riba a ba shi rabonsa, in an yi hasara da shi aka yi. Farashin yankin nan yana hawa yana sauka kullum, kamar farashin rago a kasuwa, gwargwadon yawan masu nema da masu son rabuwa da shi. Saboda haka farashin yana nuna abin da masu kuɗi ke zato game da gobe.

An kafa Cineworld a Ingila a shekarar 1995, ya shiga kasuwar Landan a 2007. A 2014 ya haɗe da wani kampani na iyalin Greidinger na ƙasar Isra'ila, sai Mooky Greidinger ya zama shugabansa. Har zuwa nan tafiya tana kyau. A farkon 2018 ne ya sayi kampanin Regal na Amurka a kan miliyar 3 da miliyan 600 na dalar Amurka. A lura, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Regal ya fi Cineworld girma. An tara wani kashi na kuɗin daga masu hannun jari, aka ranto saura, aka kuma gaji bashin da ke wuyan Regal. Nan take Cineworld ya wayi gari da gidaje wajen 790 cikin ƙasashe 10. Wannan bai ishe shi ba. A watan Disamba na 2019 ya sa hannu zai sayi kampanin Cineplex na ƙasar Kanada a kan miliyar 2 da miliyan 800 na dalar Kanada, shi ma da rance.

A wannan lokaci masu zuba jari sun kasu kashi biyu. Kashi na farko suka dubi ƙofa, suka ga jama'a na shiga. Suna da hujja, domin a 2019 gidajen sinima na duniya sun tara fiye da miliyar 42 na dalar Amurka, abin da ba a taɓa gani ba. Hannun jarin Cineworld ya haura kwabo 300 na Ingila, watau fam 3, a cikin wannan shekara. Kashi na biyu suka dubi littafin bashi, suka ce kayan nan sun fi ƙarfin jaki. Cikinsu har da masu cinikin faɗuwa, waɗanda aikinsu ya yi kama da na mutumin da ya ari buhun hatsi da damina, lokacin tsada, ya sayar, yana jiran kaka ya sayi wani da araha ya mayar wa mai shi, ya riƙe abin da ya rage. Tun kafin a ji sunan cutar korona, Cineworld yana cikin kampanonin da irin waɗannan mutane suka fi yi wa wannan ciniki a Landan. Ba su san annoba na tafe ba. Abin da suka sani shi ne kampanin ba shi da rumbun da zai ci in shekara ta yi muni.

Shekara kuwa ta yi muni. A watan Maris na 2020 hukumomi suka rufe wuraren taruwar jama'a. Kuɗin tikiti ya tsaya cik, amma kuɗin hayar gine-gine da kuɗin ruwan banki ba su tsaya ba. A watan Yuni kampanin ya janye daga cinikin Cineplex, su kuma suka kai ƙara. A watan Oktoba, da aka ɗage fitowar sabon fim ɗin James Bond, Cineworld ya sake rufe gidajensa na Amurka da Ingila, abin ya shafi ma'aikata 45.000. Hasarar shekarar ta kai wajen miliyar 3 na dalar Amurka. Hannun jari ya faɗo ƙasa da kwabo 30.

A nan ne ƙananan masu jari da yawa suka shiga. Lissafinsu mai sauƙi ne: abin da ake sayarwa 300 ya koma 30, annoba za ta wuce, mutane za su koma kallo, farashi zai koma inda yake. Da aka samu allurar rigakafi farashin ya tashi ya haura kwabo 100 a farkon 2021, sai suka ga kamar gaskiyarsu ta fito. Rabin lissafin nan daidai ne, domin annoba ta wuce, mutane kuma sun koma. Rabin da suka manta shi ne bashin da aka ƙara ci don a rayu cikin watannin rufewa. A watan Disamba na 2021 wata kotu a Kanada ta yanke wa Cineworld biyan diyyar fiye da miliyar 1 da miliyan 200 na dalar Kanada saboda cinikin da ya fasa. A 2022 kuɗin ruwa ya hau a Amurka da Turai. A watan Agusta farashin ya faɗo ƙasa da kwabo 5. Ranar 7 ga Satumba kampanin ya nemi mafaka a wata kotu da ke jihar Texas, da bashin wajen miliyar 5 na dalar Amurka a wuyansa, ban da alkawarin hayar gine-gine.

Wani zai ce: ai wannan ƙaddara ce, wa ya isa ya hango annoba? Maganar tana da nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Babu shugaban kampanin da ya shirya wa ranar da za a rufe masa ƙofa wata da watanni. Sai dai ruwan da ya doki Cineworld shi ne ya doki maƙwabtansa. Kampanin Cinemark na Amurka sana'arsu ɗaya, shi ma an rufe masa gidaje, shi ma ya yi hasara mai yawa, ya kuma ci bashi. Amma ya shiga annoba da kaya marasa nauyi, bai je kotun karyewa ba, kuma a 2023 ya koma cin riba. Masu hannun jarinsa sun sha wuya, amma abinsu yana hannunsu. Fari ɗaya ne ya faɗa wa gonaki biyu. Mai rumbu ya kai kaka, wanda ya jinginar da gona tun kafin shuka bai kai ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, in ji Hausawa, amma ba su ce kowane ciki girmansa ɗaya ba.

Ga abin da ya kamata kowane mai karatu ya riƙe. Idan kampani ya karye, akwai layin biya, kamar yadda ake yi wajen rabon gado: sai an biya bashin mamaci kafin magada su taɓa komi. Masu bin bashi su ne a gaba, mai hannun jari shi ne a ƙarshen layi. A shari'ar Cineworld an sauke masa bashin wajen miliyar 4 da rabi, masu bin bashin suka karɓi kampanin a madadin kuɗinsu, suka naɗa sabon shugaba. Tun da su ma ba a biya su duka ba, babu abin da ya rage wa na baya. Wannan shi ne ya sa cikar sinima a watan Yuli na 2023 ba ta amfani tsofaffin masu jari da komi ba. Ribar ta tafi ga sababbin masu gida.

Kampanin AMC na Amurka, wanda ya fi kowa girma, ya bi wata hanya dabam, amma ƙarshenta ga ƙaramin mai jari bai yi nisa da wannan ba. A watan Janairu na 2021 hannun jarinsa yana wajen dala 2. Sai dubban ƙananan masu saye suka haɗa baki ta intanet, suka yi ta saye don su karya masu cinikin faɗuwa. A farkon watan Yuni farashin ya haura dala 60. Shugabannin kampanin suka yi amfani da wannan dama suka buga sababbin hannayen jari suka sayar, yawansu, wanda kafin annoba yake wajen miliyan 100, ya kai fiye da miliyan 500. Har ma sun gargaɗi masu saye a rubuce cewa mai yiwuwa ne su rasa kuɗinsu duka. Kuɗin da aka tara sun ceci kampanin daga kotu. Amma tuwon da mutum 1 zai ci, in mutum 5 suka sa hannu, lomar kowa ta ragu. A watan Agusta na 2023 aka haɗe kowane hannu 10 ya zama 1, kuma a 2024 wanda ya saya a lokacin tsada ya rasa fiye da kashi 95 cikin ɗari na kuɗinsa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Game da gobe kuwa, har yanzu bakin masu jari bai zo ɗaya ba. Masu kyakkyawan zato suna cewa duk lokacin da aka fito da fim mai kyau jama'a na fitowa, kuma kallo cikin taro yana da daɗin da ba a samu a ɗaki. Masu shakka suna nuna lissafi. A Amurka da Kanada kuɗin tikiti ya haura miliyar 11 a 2019, amma a 2023 bai wuce wajen miliyar 9 ba, a 2024 ma bai kai hakan ba, bayan yajin aikin marubuta da ƴan wasa na 2023 ya jinkirta fina-finai da dama. Ban da haka, a da sabon fim yakan yi wajen kwana 90 a sinima kaɗai kafin ya shiga gidaje, bayan annoba aka rage wannan wa'adi zuwa wajen kwana 45. Mu a ganinmu dukansu suna da gaskiya. Sinima ba za ta mutu ba, amma kasuwarta ta ragu, kuma kasuwar da ta ragu ba ta iya ciyar da bashin da aka ci lokacin yalwa.

Me ya kawo wannan labari na nesa a shafinmu? Domin mu ma muna da irin wannan kasuwa. Tun 1998 ƙasashe 8 masu amfani da kuɗin sefa a Afirka ta Yamma suna da kasuwar hannun jari guda, BRVM, a birnin Abijan, kuma bankin Bank of Africa na Nijar yana cikin kampanonin da ake cinikinsu a can. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa na Maraɗi ko Damagaram yana iya sa ajiyarsa. Wannan abu ne mai kyau, domin ƙasa ba ta ginuwa sai da jarin ƴaƴanta. Sai dai wanda zai saya, da ma'aikacin hukuma da aka danƙa wa asusun jama'a ko na ƙungiyar manoma, kada ya tsaya ga kallon cunkoson ƙofa. Ya nemi rahoton shekara, ya duba nawa ake bin kampanin, yaushe ne ranar biya, kuma wata nawa zai iya rayuwa in ciniki ya tsaya. In bai iya karanta lissafin ba, ya nemi wanda ya iya, babu kunya a cikin tambaya. Kada kuma arahar farashi ta ruɗe shi, domin wanda ya sayi Cineworld a kwabo 30 da wanda ya saya a 300 rana guda suka tashi babu komi.

Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah shi kiyaye mana guminmu, shi raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.