Dala ta hau, sitidiyo ya koma ɗaki: mu yi maganar tebur da rak

Yau maganar katako da ƙusa za mu yi, amma ku ɗan yi haƙuri ku karanta, don tana da alaƙa da waƙoƙin da muke saukewa a wayoyinmu kullum.

Duk mai bibiyar harkar waƙar Hausa ya lura cewa sitidiyo ya fara barin shago yana komawa cikin gida. Nan Tudun Wada, da Sabon Gari, da Samaru, yaro zai gyara ɗakinsa na zaure ko na ƙofar gida, ya jingine katifa da bango, ya kafa laftof, shi ke nan an buɗe sitidiyo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. A watan Yunin 2023 ɗin Babban Banki ya saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. To mai sitidiyon shago da zai biya haya, ya kunna janareta tun safe yana jiran mawaƙin da ƙila ma bashi zai ci, ina zai kai? Dole ya kwashe kaya ya koma gida.

Ita ma kasuwar ta canja. A zamanin Sangaya, waƙa jelar fim ce. Sai ka je Kano, ka bi layi a sitidiyo, mai fiyanon Yamaha ya buga maka kiɗa, furodusa ya saya ya saka a fim. Yanzu fim ɗin kansa ya koma YouTube, kamar yadda muka gani da su Izzar So da Labarina, waƙa kuma ta tsaya da ƙafafunta a Audiomack da TikTok. Kowa ya tuna yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika gari a 2020, lokacin kullen korona, mata na ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa. Babu wanda ya jira fim kafin ya san ta. Can Amurka ma, a cikin ɗakin kwana na gidan iyayensu da ke Los Angeles Billie Eilish da yayanta Finneas suka haɗa albam ɗin da ya kwashe kyaututtukan Grammy a farkon 2020. Saboda haka ɗaki ba abin kunya ba ne.

Ga inda nake so mu tsaya. Dubi kayan da ke cikin irin wannan ɗaki: laftof, fiyano, makirfo, saun-kad irin su Focusrite ko Behringer, sifikun monita, hedifon. Duk daga waje ake kawo su, duk farashinsu na bin dala. Abu ɗaya tak da za a iya yi a unguwarmu, da kuɗinmu, da hannun mutanenmu, shi ne abin da za a ɗora su a kai. Kuma abin haushi, nan ne samarinmu suka fi yin ɓarna.

Yadda ake yi shi ne, mutum ya ɗauki hoton sitidiyon wani Bature a YouTube, ya kai wa kafinta ya ce, “Malam, irin wannan nake so.” Kafinta ya duba, ya ga tebur mai lanƙwasa da kantoci hawa biyu da fitilu shuɗi da ja, ya yi iya ƙoƙarinsa. Bayan sati biyu a kawo wani ƙaton abu mai fomaika da gilashi wanda ya cinye rabin ɗaki, fiyano ya ƙi shiga mazauninsa, sifiku suna can sama suna yi wa silin waƙa. Ni ban ga laifin kafinta ba. Shi gado da wadirof da kujerun amare ya saba yi, kuma a kansu ya ƙware. Hoto ba ya faɗin inci nawa ne. Awo ake kai wa kafinta, a takarda.

Awon kuwa ba wani mai wuya ba ne, tef kawai kake buƙata. Tsawon tebur daga ƙasa ya tsaya tsakanin inci 28 zuwa 30, gwargwadon kujerar da za ka zauna a kai, ta yadda gwiwar hannunka za ta sauka daidai ba ka ɗaga kafaɗa ba. Ka fara sayen kujera tukuna sannan a yi tebur, don mai haɗa kiɗa yakan yi awa shida bai tashi ba, ciwon baya kuma ba ya tambayar shekaru. Fiyanon PSR mai maɓalli 61, wanda shi ne mafi yawa a hannun makaɗanmu, faɗinsa kusan mita ɗaya ne, amma kada ka dogara da maganata, auna naka, har da kaurinsa. Mutane na son a yi masa aljihu mai janyewa a ƙarƙashin tebur. Yana da kyau a ido, sai dai PSR na da kauri saboda sifikun da ke jikinsa, in aka saka shi a ƙasa ko dai cinyarka ta rasa wuri ko tebur ya yi tsawo da yawa. Ni a ganina gara a ba shi nasa mazauni a gefe, ka riƙa juyawa.

Sai sifiku, kuma wallahi nan ne asalin maganar. Sifikun monita ba na biki ba ne, aikinsu su faɗa maka gaskiyar abin da ka haɗa. Ƙa'idar ita ce kai da su biyun ku zama kamar duwatsun murhu: tazarar da ke tsakanin sifikar dama da ta hagu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kanka. Ga ƙananan monita masu inci 5, wajen mita ɗaya ko ɗan sama da haka ya isa. Ƙaramin idon sifikar na sama, mai fitar da siririn sauti, ya kalli kunnenka kai tsaye kana zaune. In ka ɗora su a kan teburin da aka yi da siririn katako, teburin zai riƙa rawa tare da su, ya ƙara wani kauri na ƙarya a cikin bes. Kai kana jin bes ya cika, sai ka rage shi. Mawaƙi ya tafi da waƙarsa, ya saka a mota, ya ji ta fito fayau kamar an buga gwangwani. Maganin ba ya buƙatar dala ko ɗaya. A yi musu ƙafafu daban da tebur, ko na ƙarfe a wajen mai walda, ko bututun roba mai kauri a cika shi da busasshen yashi a sa masa katako sama da ƙasa. Na ga wanda ya jera bulo ya lulluɓe da yadi, kuma sautinsa ya fi na masu gilashi nesa ba kusa ba.

Shi kansa wurin ajiye teburin yana da magana. Ɗakunanmu yawanci ƙafa 10 ne da 12. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, in ka yi lissafi za ka ga irin wannan ɗaki yana kumbura bes a wajen 47 da 56 haz, daidai inda dukan gangar kiɗan zamani ke zama. A kusurwa bes na taruwa, a tsakiyar ɗaki kuma wani ɓangarensa na ɓacewa. Don haka kada a cusa tebur a lungu, kada kuma kujera ta faɗo tsakiya cif. A fuskanci gajeren bango, a bar tazara iri ɗaya dama da hagu.

Yanzu rak. Ga wanda bai sani ba, akwati ne da ake jera na'urori a ciki ɗaya bisa ɗaya, a ɗaure su da noti ta gaba. Awonsa ɗaya ne a duk duniya, kuma ya samo asali ne daga kamfanin tarho na AT&T a Amurka tun shekarun 1920. Faɗin fuskar na'ura inci 19 ne, tsawonta kuma ana ƙirga shi da U, kowane U ɗaya inci 1.75. Wato rak mai 4U ramin gabansa inci 7 ne, mai 6U inci 10 da rabi. In da katako za a yi, kafinta ya bar cikin ya ɗara inci 19 da ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na inci, don kada na'ura ta matse, sannan ya kafa sanduna biyu na katako mai ƙarfi a gefe da gefe, da tazarar inci 17 da uku bisa huɗu a tsakaninsu, inda kunnuwan na'urar za su kwanta. Kuskuren rabin inci ya isa ya mayar da shi akwatin ajiye takalma.

Amma fa bari na faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Mafi yawan masu sitidiyon ɗaki ba su da buƙatar rak ko kaɗan. A da, kwamfiresa da ikwalaiza da na'urar amsa-kuwwa duk ƙarafa ne daban-daban, dole a nema musu gida. Yau duk suna cikin FL Studio ko Cubase. Saun-kad ɗinka mai ƙofa biyu bai fi littafi girma ba, ba ma awon rak gare shi ba. Sai ka ga an yi rak mai 12U, an cika shi da matacciyar amfilifaya da tsohon DVD don kawai mawaƙi ya shigo ya ce kai, wannan wuri ya haɗu. Na fahimci dalilin, kwastoma da ido yake fara saye. Amma kuɗin da aka zuba a nan da an sayi kujera mai kyau ko wayoyi masu inganci da ya fi. In ba ka da na'ura biyu ko uku masu faɗin inci 19 a hannu, bar maganar rak sai gaba.

Wajen zaɓen katako, a tuna a Zariya muke. MDF na da santsi da arha, amma ruwa kaɗan ya taɓa shi da damina sai ya kumbura ya fara marmashewa, noti ma ba ya riƙe shi in an kwance an sake ɗaurawa. Ɗanyen katako kuma, wanda bai gama bushewa a wajen 'yan katako ba, yana shiga hunturu zai murɗe ko ya tsage. Filaiwud mai kaurin uku bisa huɗu na inci ya fi jure halinmu, kuma falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 zai fitar da saman tebur har a sami ragowar kanta. A shafa maganin gara, a ɗaga ƙafafun daga siminti. A bar bayan rak a buɗe saboda zafin Maris da Afrilu, in an tashi aiki kuma a rufe komai da zane, ƙurar hunturu ita ke sa maɓallan miksa su fara ƙarar-ƙarar.

Akwai abin da hotunan Turawa ba za su taɓa nuna maka ba, wato mazaunin inbata da batir. Su ba kasafai wuta ke ɗauke musu ba. Mu kuwa mun ga Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Duk wanda ke wannan sana'a yanzu tunaninsa na kan sola. Babban batir na ruwa nauyinsa ya kusa buhun siminti ko ya fi, kuma yana fitar da iska lokacin caji, saboda haka ba a kulle shi cikin kabad a ƙarƙashin tebur. Fankar inbata ma makirfo na ɗaukar ƙararta. In da hali a fitar da su waje ko baranda. Wayoyin wuta su bi gefe ɗaya na tebur, na sauti su bi ɗaya gefen, a huda musu ramuka daban, in ba haka ba wannan gurnanin “hmmm” zai shiga murya. Wanda ya zaɓi firam ɗin ƙarfe kuma ya kira mai wayarin ya duba masa wayar ƙasa, wadda suke kira at. Gidajen haya da yawa ba su da ita, kuma makirfon da ke jan leɓen mawaƙi ba abin dariya ba ne.

Af, kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango: ba ya hana ƙarar keke da ta injin markaɗe shigowa, ba ya taɓa bes, ga shi abincin wuta. Labule mai kauri da katifar da ka jingine sun fi shi aiki.

Mu masu sauraro abin ya shafe mu, don mu ne ke cewa waƙar wane ba ta da sauti, mu ɗora laifin a kan mawaƙi, alhali muryarsa lafiya lau, inda aka zauna aka tace ta ne ya yi wa mai tacewar ƙarya. Yaron da ya tara kuɗin dinki ko na cajin waya ya biya sitidiyo, waƙa ɗaya yake da damar yi, in ta fito a dagule ba lallai ya sake samun na biyu ba.

Ina kuma ganin akwai kasuwa a nan da kafintocinmu ba su lura da ita ba. Masu waƙa ne, masu sha'iri ne, masu karanta littattafan Hausa a YouTube, masu fassarar finafinan Indiya, duk tebur iri ɗaya suke nema. Garin da ke da sashen koyon zanen gine-gine a ABU ba zai rasa ɗalibin da zai zana awo a takarda ɗaya ba. Kafintan da ya riƙe wannan takarda, ya iya inci 19 da inci 1.75, ya yi guda biyu masu kyau, daga Kaduna da Funtuwa ma za a riƙa aiko masa da aiki.