Kwana Uku A Kuala Lumpur: Yadda Uwargida Za Ta Tsara Ziyararta

 A wannan watan wata 'yar'uwa ce ta aiko mini da tambaya. Ta ce za ta raka maigidanta ƙasar Malesiya bikin kammala karatun ƙaninsa, kuma bayan bikin suna da kwana uku kacal a Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar. Ta daɗe tana tanadi domin wannan tafiya, tana tsoron kada ta dawo ba abin da ta gani sai ɗakin otal da kantuna.

'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Mata da yawa sukan ƙarar da kwanakinsu wajen neman tsarabar dangi, wasu kuma su jero wurare ashirin su ce sai sun zaga duka, su dawo a jigace. Taura biyu ba ta taunuwa. Shawarata ita ce ki ba kowace rana unguwa guda, ki zaɓi wuri biyu ko uku da ke kusa da juna, saura ki bar wa wani jiƙon.

Tun daga gida shiri yake farawa. Mai fasfon Nijeriya sai da biza, don haka a nema da wuri. Galibi sai an ya da zango a Doha ko Istanbul, kuma agogonsu yana gaba da namu da awa 7, wato ƙarfe 12 na rana a can biyar na asuba ne a Kano, kada ki shirya fitar sassafe kashegarin saukarku. Kuɗinsu ringgit ne. Ki riƙe dala ki canza a can. Garin akwai zafi da gumi duk shekara, kuma ruwan sama yakan sauko da yamma, saboda haka ki ɗauki hijabi marar nauyi da takalmin da ba ya matsa ƙafa da ƙaramar lema.

Rana ta farko ki ba tsohon gari. Ki fara da Masjid Jamek wanda aka buɗe a 1909, a daidai inda kogunan Klang da Gombak suka haɗu. Daga wannan mahaɗa birnin ya samo sunansa, domin ma'anar Kuala Lumpur a harshensu ita ce mahaɗar ruwa mai taɓo. Da ƙafa za ki isa Dataran Merdeka, filin da aka ɗaga tutar 'yancin kai a ranar 31 ga Agusta 1957, shekara uku kafin namu. Bayan Azahar ku ɗauki mota zuwa Masjid Negara, masallacin ƙasa da aka gama a 1965, mai ɗaukar mutum 15,000. Kusa da shi akwai gidan adana kayan fasahar Musulunci da aka buɗe a 1998, inda za ki ga tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu da tufafi da ƙananan siffofin manyan masallatan duniya. In da yara a tafiyar, nan ne ya fi cancanta a ba lokaci.

Rana ta biyu ta tagwayen benayen Petronas ce, masu hawa 88 da tsawon mita 452. Su ne mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Akwai gadar da ta haɗa su a hawa na 41 da na 42. Tikitin hawa yakan ƙare, don haka maigida ya saya ta intanet tun kafin ku taso. Da sanyin safiya ake kama fara. A ƙasan benayen akwai lambu da wurin wasan yara. Daga sama za ki hango Merdeka 118, mai mita 679, wanda a yanzu shi ne na biyu a tsawo a duniya bayan Burj Khalifa na Dubai.

Rana ta uku ce ta tsaraba. Ki nufi Jalan Tuanku Abdul Rahman da Jalan Masjid India, inda ake sayar da yadudduka da gyale da hijabai. Ki rubuta sunayen waɗanda za ki saya wa da abin da za ki kashe tun a gida. Da gangan na ajiye kasuwa a ƙarshe, domin in ta zo a farko ita za ta cinye kuɗin da kwanakin.

Batun abinci, birnin ya haɗa Malayawa Musulmi da 'yan asalin Sin da Indiya, don haka ba kowane gidan abinci ne halal ba. Ki duba tambarin halal na hukumar JAKIM kafin ki zauna. Ki ɗanɗana nasi lemak, shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, ana ci da yaji da gyaɗa da ƙwai da ƙananan kifi.

Salla ba za ta ba ki wahala ba, domin manyan kantuna da tashoshi suna da wurin salla da suke kira surau. Abin da zai ba ki mamaki shi ne alƙibla. Mu a nan "gabas" muke cewa, amma a can Makka tana yamma ne, da ɗan karkata arewa. A yawancin otal za ki ga kibiya a rufin ɗaki an rubuta "kiblat", ita za ki bi. Su Shafi'awa ne, za ki ji liman yana bayyana Bisimilla, kada ki ɗauka kuskure ne. Ki kuma lissafa kwanakin zamanku duka har da na biki, domin a wajen malamanmu na Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku cika salla zai yi, ba ƙasaru ba.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. In kin dawo ki rubuto mana abin da idonki ya gani, domin gani ya kori ji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.