Kamfani Ba Dangi Ba Ne: Raddi Ga 'Yan A-Mutun Intel Da Nvidia

Akwai wata cuta da ta biyo kwamfuta ta shigo cikinmu, ita ce makauniyar biyayya ga sunan kamfani. Mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya shiga shago, tambayarsa ta farko ita ce, "Intel ce?" In aka ce masa AMD ce sai ya yatsine fuska, wai an ce tana zafi, wai ba ta da ƙarko. In kuwa ya hango tambarin Core i7 manne a jikinta, to ciniki ya faɗa, ko tayin kirki ba zai yi ba. Samarinmu masu haɗa bidiyo da masu wasannin kwamfuta su kuma gwaninsu Nvidia, duk ranar da aka ce darajar kamfanin ta ƙaru sai su cika waya da murna, kamar Barcelona ce ta ɗauki kofi. Ni dai matsayina a fili yake: wannan biyayya wauta ce, kuma daga aljihunmu ake cire kuɗinta.

Aikina rediyo ne. Da kwamfuta nake yanka murya, da ita nake haɗa shiri, yanzu ma har bidiyo ake so mu riƙa fitarwa. Saboda haka maganar nan ta shafi tuwona, kamar yadda ta shafi ɗalibi da mai ɗaukar hoton biki da mai shagon buga takardu. Ga wanda bai saba ba, furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ke lissafa duk aikin da ka sa na'urar. A cikinta akwai wasu sassa da zan kira hannaye, kowane hannu yana iya riƙe nasa aikin, don haka mai hannu takwas ta fi mai hannu biyu kwashe aiki in sauran abubuwa sun zo ɗaya. Katin hoto kuwa shi ke zana abin da ido ke gani a allo, shi ne ƙashin bayan aikin bidiyo da wasanni. A fagen furosesa Intel da AMD ke kokawa. A fagen katin hoto Nvidia ce da AMD, sai Intel da ta shigo daga baya.

Tarihin waɗannan kamfanoni kaɗai ya ishe ni hujja. A 2003 AMD ta fitar da Athlon 64, wadda ta sha gaban abin da Intel ke sayarwa a lokacin. Sai aka zargi Intel da bai wa manyan masu haɗa kwamfuta rangwame bisa sharaɗin su guji kayan AMD. A 2009 Intel ta biya AMD dala biliyan 1.25 don a kashe ƙararrakin da ke tsakaninsu (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba). A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta ci ta tarar yuro biliyan 1.06. Kotu ta soke wannan tara a 2022, amma a 2023 aka sake ɗora mata yuro miliyan 376 kan wani sashe na zargin. Wannan shi ne kamfanin da wasu ke rantsuwa da sunansa.

A 2011 AMD ta yi tuntuɓe. Ta fitar da wani samfuri mai suna Bulldozer, ga zafi, ga cin wuta, ga rashin sauri. A lokacin ne zancen "AMD tana zafi" ya yi ƙarfi, kuma gaskiya ne a wancan zamani. Fili ya zama na Intel ita kaɗai. Me ta yi wa masoyanta da suka ba ta amana? Core i7-2600K ta kwamfutar tebur, wadda ta fito a 2011, hannu huɗu gare ta. Core i7-7700K, wadda ta fito a Janairun 2017, ita ma hannu huɗu. Shekara shida ana canza lamba, ana ɗan ƙara sauri, farashi yana nan inda yake. Wanda ke son hannu takwas daga Intel a 2016, sai ya ajiye fiye da dala 1,000.

Lisa Su ta karɓi ragamar AMD a 2014, kamfanin yana fama da bashi. A watan Maris na 2017 ta fitar da Ryzen 7 1800X, hannu takwas, a kan dala 499. Kafin shekarar ta ƙare Intel ta fito da i7 mai hannu shida. A 2018 ta fito da i9 mai hannu takwas don kwamfutar kowa da kowa. Ashe ana iyawa! Abin da ya gagara shekara shida ya yiwu cikin wata bakwai, da zarar maƙwabci ya buɗe rumfa. Wanda ya sayi Intel a 2018 ya samu ƙarin hannaye, AMD zai gode wa, ko da bai taɓa sayen kayanta ba.

Kada wani ya ɗauka talla nake yi wa AMD. Ita ma da ta ji ƙafarta ta kama ƙasa, halin ya fito. A 2019 ta sayar da Ryzen 5 3600 mai hannu shida a kan dala 199. A Nuwamban 2020, da ta ga ta zarce Intel, mafi arha a cikin sabon zubinta, mai hannu shida, dala 299 ta sa mata. A shekarar ce kuma ta ce sababbin furosesocinta ba za su yi aiki a kan wasu tsofaffin allunan kwamfuta ba, sai da masu saye suka yi mata ca sannan ta janye. Ta kuma iya wasa da suna: Ryzen 5 7520U tana ɗauke da lambar 7000 kamar sabuwar ƙira, alhali ginin cikinta irin na 2019 ne. A ɓangaren Intel kuwa, masu cewa ita ce mai ƙarko su tuna 2024, lokacin da manyan furosesocinta na tebur, zubi na 13 da na 14, suka riƙa lalacewa a hannun mutane saboda wutar da ke yi musu yawa, har kamfanin ya amsa laifi ya ƙara garantin shekara biyu. Duk kanwar ja ce. Wanda ya samu sarari zai matse ka.

Yanzu Nvidia ce ke zaune a kujerar da Intel ta zauna a da, kuma farashinta ya nuna haka. GTX 1080 ta fito a 2016 a kan dala 599. RTX 3080 ta fito a 2020 a kan dala 699. RTX 4080 ta fito a 2022 a kan dala 1,199. Babbar cikinsu, RTX 5090 ta Janairun 2025, dala 1,999, kuma tana iya jan wuta har wat 575 ita kaɗai, abin da mai fama da janareta ko batirin sola ya kamata ya ji da kyau. A wajen ƙaddamar da wannan zubi, shugaban kamfanin Jensen Huang ya ce RTX 5070 ta dala 549 za ta yi aikin RTX 4090 ta dala 1,599. Da masu gwaji suka karɓa suka gwada, sai aka ga maganar ta dogara ne ga wata dabara da katin ke ƙirƙiro hotunan cike-gurbi tsakanin na ainihi. A ƙarfin gaske ko kusa ba ta kamo ta ba.

Dalilin wannan isa ba ɓoyayye ba ne. A shekarar kuɗinta da ta ƙare a Janairun 2025, Nvidia ta yi cinikin dala biliyan 130.5. Daga ciki, biliyan 115.2 sun fito ne daga manyan cibiyoyin bayanai masu horar da ƙirƙirarriyar basira. Katunan wasanni gaba ɗaya, na duk duniya, biliyan 11.4 suka kawo, ko kashi 10 cikin 100 ba su kai ba. Darajar kamfanin a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 4 a Yulin 2025. To kai ɗan uwa da kake murna a Maraɗi ko Kumasi ko Garwa, murnar me kake yi? Kana da hannun jari a ciki? Microsoft da Meta da Amazon ne ke layin gaba, kai kuwa sai abin da ya ragu, a farashin da aka ga dama.

Na san amsar da za a ba ni, domin masu sauraro sun sha ba ni ita a waya: "Ai Malam, Nvidia ɗin ce ta fi kyau." Na yarda, a saman jeri babu kamarta yau. Kusan shekara ashirin ke nan tana gina manhajarta ta CUDA, wadda masu bincike da manhajojin bidiyo da yawa suka ginu a kanta, kuma gumin kamfanin ne ya kai shi nan. In aikinka yana buƙatarta kuma aljihunka ya kai, saya. Rigimata da mai tafi ne, mai fatan abokin hamayya ya mutu, mai zagin wanda ya sayi wani abu daban. A Disamban 2024 Intel ta fitar da katin Arc B580 a kan dala 249 da ma'ajiyar gigabait 12, a lokacin da katin Nvidia na kusa da wannan farashi ke da gigabait 8. A Maris na 2025 AMD ta fitar da RX 9070 XT da gigabait 16 a kan dala 599. Mai hankali addu'a zai yi waɗannan su yi kasuwa, ko da shi Nvidia zai saya, domin su ne kaɗai linzamin da zai iya riƙe ta.

Wani abin da 'yan a-mutu ba sa dubawa shi ne, waɗanda suke faɗa dominsu a tukunya ɗaya suke ci. Nvidia ba ta da masana'antar ƙera ƙwaƙwalwa. AMD ta rabu da tata tun 2009. Su biyun, da Apple wadda ta fara barin Intel a 2020 ta koma ƙirarta ta M1, duk kamfanin TSMC na tsibirin Taiwan ke ƙera musu. Ita kanta Intel, wasu sassan sababbin furosesocinta a can ake buga su. Injin da ake zana mafi ƙanƙantar ƙwaƙwalwa da shi kuwa, kamfani ɗaya ne a duniya ke yin sa, ASML na ƙasar Holan. A Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarin Intel, bayan wata ɗaya Nvidia ta sanar da zuba dala biliyan 5 a cikin Intel ɗin. Manya sun ɗaura aure, yara suna can suna jifan juna a bayan gida. Kuma duk lokacin da 'yan kokawa suka fara haɗa kai, mai saye ne ya kamata gabansa ya faɗi.

Mu dawo kasuwarmu, inda cutar ta fi yin ɓarna. Yawancinmu ba sabuwar kwamfuta muke saye ba, ta hannu ce, wadda aka gama amfani da ita a Turai ko Amurka aka loda a kwantena. A nan ne kalmar "i7" ta zama tarko. Tun 2008 ake yin i7, kuma kowane zubi da ƙarfinsa. Core i7-7500U, wadda ke cikin kwamfutocin cinya da yawa, hannu biyu kacal gare ta. Core i5-8250U, da ta biyo ta a 2017, shekarar da Ryzen ta fito, hannu huɗu gare ta, kuma ta fi ta aiki nesa ba kusa ba. Amma je ka shago ka gani, sai a tsawwala wa i7 ɗin kuɗi, mai saye ya biya yana murmushi. Ga kuma wani tarkon: Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar Intel da ke ƙasa da zubi na 8, ko Ryzen da ke ƙasa da jerin 2000. Ofisoshin da ke zubar da irin waɗannan kwamfutoci ba a teku za su jefa su ba. Mu za a kawo wa, da tambarin i7 yana ƙyalli.

Maganin ba ya buƙatar digiri. Ka karanta lambar da ke bayan sunan. Ga Intel, in ka ga 6600U zubi na 6 ne, in ka ga 8250U na 8 ne, in ka ga 1135G7 na 11 ne. Ka tambayi hannu nawa gare ta. Ka sa a kunna ta a gabanka, a buɗe shafin da ke nuna bayanan na'ura, domin tambari manna shi ake yi, ana kuma iya ɓanɓare shi. Ka kwatanta da ta AMD mai kuɗi ɗaya, ka duba wadda ta fi yi maka aikinka, ka duba wadda batirinta zai jure ɗauke wuta. Ko wayar da ke hannunka ta isa darasi: Tecno da Infinix da itel sun yi arha har talaka ya mallaka, kuma daga cikin dalilan akwai MediaTek da Unisoc da suka hana Qualcomm cin kasuwa ita kaɗai.

Ina da kira ga masu shagunan kwamfuta: ku ji tsoron Allah, ku riƙa rubuta cikakkiyar lambar furosesa a jikin kaya, ku daina fakewa da "i7". Abokan aikina na rediyo masu karanta tallan irin waɗannan shaguna, mu ma mu riƙa tambayar zubi kafin mu buɗe makirufo, domin muryarmu ce mutane ke yarda da ita. Samari kuma, ku bar wa ƙwallon ƙafa goyon baya, can ne ake son kulob ko ya ci ko bai ci ba. A kasuwa kuɗinka kake bayarwa, kuma Intel da AMD da Nvidia babu wanda zai zo maka jaje ranar da ka gane an sayar maka da tsohon zubi.